Daga ina ƙarin kilomita ke fitowa idan an sabunta manhajar motar lantarki?

A watan Oktoba na 2021 kamfanin Audi na Jamus ya sanar da masu motarsa ta lantarki ƙirar e-tron 55 quattro, waɗanda suka sayi fitowar farko, cewa su kai ta gareji a sabunta mata manhaja kyauta. Motoci kimanin 34,000 abin ya shafa. Batir yana nan yadda yake, inji yana nan yadda yake, amma kamfanin ya ce motar za ta iya ƙara tafiyar da ta kai kilomita 20 a caji guda. Duk wanda ya saba da motar fetur zai yi mamaki, kuma yana da hujja. Tanki mai cin lita 60, lita 60 zai ci har motar ta tsufa, babu abin da za a rubuta a kwamfuta ya faɗaɗa shi. To waɗannan kilomita 20 daga ina?

Manhaja ba ta ƙirƙirar wuta. Wannan ya kamata a riƙe tun farko, domin tallan kamfanoni kan bar mutum da tunanin an turo masa ƙarin batir ta iska. Abin da ke faruwa shi ne, ko dai an sakar wa direba wutar da tun asali tana cikin batirin amma an hana shi taɓawa, ko an toshe wata kafa da wutar ke zurarewa a banza, ko kuma lambar da ke allon gaban direba kawai aka gyara, motar ba ta ƙaru da ko mita ɗaya ba. Kamfani kan cuɗa su duka a sanarwa guda ya ce ya ƙara wa mota nisan tafiya. A ganina mai mota yana da haƙƙin sanin wanne aka yi masa, saboda ba ɗaya suke ba, ko a amfani ko a abin da zai biyo baya.

Sai an san ƙanƙantar abin da ke cikin batirin sannan za a gane dalilin da ya sa ɗan gyara ke yin tasiri. Ana auna batirin mota da kilowat-awa, wato abin da mai mitar kati ke kira yunit idan ya sayi wuta. Batirin waccan Audi yunit 95 ne, nauyinsa kuma kimanin kilo 700. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai kusan yunit 9. Ke nan duk wannan ƙaton batir bai wuce lita 10 zuwa 11 na fetur ba. Abin da ya sa motar ke yin ɗaruruwan kilomita da wannan ɗan guzuri shi ne injin lantarki ba ya almubazzaranci. Injin fetur yana zubar da kashi biyu cikin uku na makamashinsa, ko fiye, a zafin da ke fita ta salansa da lagireto. Injin lantarki kuwa kusan kashi 90 cikin 100 na abin da aka ba shi yake mayarwa juyin taya.

Saboda haka abin da a motar fetur ba wanda zai kula da shi, a nan babba ne. A ɗauka akwai famfon sanyaya da fanka da ke jan wat 300 ba tare da buƙata ba. A cunkoson cikin gari, inda mota ke yin kilomita 30 a awa, tafiyar kilomita 100 za ta ɗauki sama da awa uku, famfon da fankar kuma su cinye yunit guda cur. Matsakaiciyar motar lantarki tana shan yunit 15 zuwa 20 a kilomita 100, don haka wannan yunit ɗin kashi 5 ko 6 ne cikin 100 na tafiyar. Injiniyan da ya sake rubuta lokacin da famfon zai kunna da lokacin da zai huta ya samo wa direba kilomita da dama ba tare da ya taɓa ƙarfe ba.

Amma mafi girman abin da manhaja ke riƙe da shi shi ne batirin kansa. Batirin mota tarin ƙwayoyin litiyam ne, ɗaruruwa a wasu motoci, dubbai a wasu. A irin da aka fi sawa a motocin Turai da Amurka, ƙwaya tana cika ne idan ƙarfin wutarta ya kai kimanin bolt 4.2. Idan ana yawan cika ta har baki ana barin ta a haka, musamman cikin zafi, tana saurin tsufa. Idan aka tatse ta har ƙasa fiye da kima, tana iya lalacewa gaba ɗaya, wani lokaci ma ta zama haɗari a caji na gaba. Shi ya sa kowane batir yake da kwamfutarsa mai gadi, wadda ke duba ƙarfin wutar ƙwayoyi da zafinsu dare da rana, kuma ita ke yanke inda cika take da inda ƙarewa take. Kashi 100 da direba ke gani a allo ba lallai ne batir ya cika ba, sifili kuma ba ya nufin babu komai a ciki. An ware wani kaso a sama da wani a ƙasa.

Wanda ya taɓa hawa babur mai makunnin mai a gindin tanki ya san rizab: mai ya yanke a hanya, ka murɗa, sai ga sauran da zai kai ka gidan mai. Batirin mota ma yana da rizab, sai dai makunnin ba a hannun direba yake ba, yana hannun kamfani. Kuma kamfani yana da dalilin yin rowa da shi a farko. Yawancin masu ƙera motocin lantarki suna ba da garantin batir na shekara 8 ko kilomita 160,000, da alkawarin cewa ba zai faɗi ƙasa da kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsa ba. Ranar da sabuwar mota ta fito, gwajin ɗakin bincike kawai ke hannun injiniyoyi, ba su ga yadda batirin zai yi a sanyin Norwe ko zafin Arizona na shekaru ba. Batir ne kaya mafi tsada a motar, kuma idan dubbai suka lalace cikin garanti, asarar ta kamfani ce. Sai su faɗaɗa rizab. Bayan shekara biyu ko uku, motocin da ke kan titi sun aiko da bayanai, an ga ƙwayoyin suna jurewa fiye da yadda aka yi tsoro, sai a saki wani abu daga ciki.

Haka Audi ya yi. A cikin yunit 95, da farko 83.6 direba ke iya amfani da su. Sabuntawar ta mayar da su 86. Bambancin yunit 2.4 ne, kuma a mota mai nauyi da ke shan sama da yunit 20 a kilomita 100, wannan kimanin kilomita 10 ne, wato rabin abin da aka yi alkawari. Wannan ƙari na gaske ne, amma ba kyauta ba ne a wajen ƙwayoyin, domin yanzu suna aiki kusa da iyakarsu fiye da da. Kamfanin ya auna ne ya ga ɗan ƙarin tsufan da za a samu bai kai ya dame shi ba.

Wani ɓangare na sauran rabin ya fito ne daga injuna. Motar tana da biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A tafiya ta yau da kullum, inda ba a taka totur da ƙarfi ba kuma titi ba ya santsi, na baya kaɗai ya isa. Tsohuwar manhajar tana barin na gaba cikin shiri, wuta na ratsa shi ko da ba ya ja. Sabuwar tana yanke masa wuta kusan gaba ɗaya, sai an buƙace shi ta tashe shi nan take. Dabarar ta yiwu ne saboda injunan wannan mota ba su da maganaɗisu na dindindin. Wutar da aka ba su ce ke haifar da maganaɗisun, idan aka yanke ta sai inji ya riƙa juyawa sakaka. Injin da aka dasa wa maganaɗisu na dindindin ba ya sakin jiki haka, ko an kashe shi yana ɗan riƙe taya. Shi ya sa Hyundai, a ƙirar Ioniq 5 mai inji biyu, ya sa kuloci na ƙarfe da ke raba injin gaba da tayoyi. Manhaja tana aiki ne a cikin iyakar abin da aka ƙera; abin da ta iya yi wa wata mota ba za ta iya yi wa wata ba.

Tsakanin batir da inji akwai inbata, 'yar'uwar wadda masu sola suka sani, sai dai wannan tana kunna wuta tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda, tana daidaita ta da gudun mota da nauyin da ake ja. Ga kowane gudu akwai yadda za a ba inji wuta a sami ja iri ɗaya da ƙarancin zafi. Gyara a nan ba ya kawo da yawa, amma yana aiki a kowace kilomita.

Labarin Jaguar I-Pace ya fi nuna yadda ake tsintar ƙananan riba a tara su. A watan Disamba na 2019 kamfanin ya fitar da sabuntawar da ya ce za ta ƙara har kilomita 20, kimanin kashi 8 cikin 100 a yanayi mafi dacewa. Ya ce ya koyi darasin ne daga gasar tsere da ake yi da irin wannan mota, da kuma bayanan tafiye-tafiye na sama da mil miliyan 50 da masu motar suka yi. An sake raba ƙarfi tsakanin injin gaba da na baya. An bar batir ya sauka ƙasa da inda yake tsayawa a da. Sannan ga wani abu da ba kowa zai yi tunaninsa ba: a hancin motar akwai filafilai da ke buɗewa su shigar da iska lagireto, kuma duk lokacin da suke buɗe iska tana ƙara riƙe motar. Sabuwar manhajar tana rufe su sau da yawa fiye da da, sai sanyaya ta zama dole take buɗewa. Abin da na yaba a nan shi ne adadin da ke takardar hukuma, kilomita 470, bai motsa ba. Kamfanin ya ce a kan titi za a ga ribar, inda dama masu motar ke ƙorafin ba ta kai abin da aka rubuta ba.

Birki ma yana cikin abin da aka gyara. Idan direban motar lantarki ya ɗaga ƙafa daga totur, injin yana komawa janareta, yana rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Yawan abin da za a mayar ya danganta da abin da kwamfutar batir ta yarda ta karɓa. Idan batir ya kusa cika ko ya yi sanyi ƙwarai, takan ƙi, sai birkin taya ya ɗauki aikin, makamashin ya tafi a zafi. Duk lokacin da injiniyoyi suka gamsu cewa ƙwayoyin za su iya karɓar fiye da haka, sai su ɗaga iyakar. Ribar tana fitowa a cikin gari da hanyoyin gangara. A miƙaƙƙen titi inda ba a taka birki, kusan babu ita.

Yanzu ga inda ake ruɗar mutane. Tankin fetur yana da ɗan abin da ke yawo a saman mai yana nuna inda ya tsaya. Batir ba shi da wannan. Babu na'urar da ke leƙa cikin ƙwaya ta ga sauran wutar. Kwamfuta kintace take yi, daga ƙarfin wutar da zafi da lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. Kintace kuma yana iya karkacewa. Masu Nissan Leaf mai batirin yunit 30, ta 2016 da 2017, sun ga motocinsu suna nuna batir ya tsufa da wuri, har a 2018 kamfanin ya amsa cewa manhajar ce ke lissafin ba daidai ba, ya kira su a gyara. Bayan gyaran lambobi suka tashi, alhali ƙwayoyin ba su canja ba. Matsalar ta fi tsanani a batirin litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda motocin ƙasar Sin da yawa ke amfani da shi, domin ƙarfin wutar ƙwayarsa kusan ba ya canjawa tsakanin rabi da kashi uku cikin huɗu. Shi ya sa Tesla ke shawartar masu irin wannan batir su riƙa cika shi har kashi 100 akalla sau ɗaya a mako, don kwamfuta ta sake gano inda take. Gyaran kintace yana da amfani: direban da ya yarda da allonsa zai iya tafiya har kusa da ƙarshe ba tare da fargaba ba. Amma sunansa gyaran ma'auni.

A 2019 Tesla ya sanar cewa ƙirar Model 3 mai dogon zango da inji ɗaya a baya ta tashi daga mil 310 zuwa 325, wato daga kilomita 499 zuwa 523, ta hanyar sabuntawar da ke sauka ta intanet mota na ajiye a gida. An yi ta yayata labarin. Sai dai takardun gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka sun nuna tun 2017 cewa motar ta yi mil 334 a gwaji, kamfanin ne ya zaɓi ya rubuta 310. Wanda ya rage lamba da kansa yana da sararin ɗaga ta duk ranar da ya so. A watan Yulin 2023 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito, daga bakin wani da ya san yadda aka tsara manhajar Tesla a farkon lokaci, cewa an rubuta ta ne ta nuna nisa mai daɗin gani idan batir ya cika, sai ya sauka ƙasa da rabi sannan ta koma lissafin da ya fi kusa da gaskiya. A watan Janairun 2023 kuma hukumar kula da adalci a kasuwanci ta Koriya ta Kudu ta ci kamfanin tarar won biliyan 2.85, kimanin dala miliyan 2.2, kan abubuwan da suka haɗa da rashin bayyana wa masu saye yadda nisan tafiya ke faɗuwa a lokacin sanyi. Lambar da ke allo, kamar sauran abubuwa, wani ne ya rubuta yadda za ta fito.

Akwai kuma rizab ɗin da ba don lafiyar batir aka yi shi ba, don ciniki aka yi. A 2016 Tesla ya sayar da Model S da Model X masu lamba 60 a farashi mai sauƙi. Batirin da ke cikinsu yunit 75 ne, an kulle 15 da manhaja, wanda yake so ya biya dubban daloli a buɗe masa. A watan Satumba na 2017, da mahaukaciyar guguwar Irma ta nufo jihar Fulorida aka umarci miliyoyin mutane su bar gidajensu, kamfanin ya buɗe wa masu irin waɗannan motoci a yankin batirinsu gaba ɗaya daga nesa. Suka sami ƙarin mil 30 zuwa 40, na 'yan kwanaki, sannan aka sake kullewa. Taimako ne na gaske ga wanda ke gudun ruwa da iyalinsa, kuma bai kamata a raina shi ba.

Hujjar kamfani ita ce ƙera batir iri ɗaya ya fi arha, kuma mai saye ya san abin da ya biya. Akwai gaskiya a ciki, har ma batirin da ba a cika shi har baki yakan fi daɗewa. Duk da haka abin bai kwanta mini ba. Mai motar yana ɗauke da nauyin ƙwayoyin da ba ya amfana da su, yana kashe wuta wajen jan su, litiyam da nikel ɗin da aka haƙo aka zuba a ciki kuma suna zaune ba aiki. Abin da Irma ta bayyana a fili shi ne, bayan ka biya kuɗi ka karɓi makulli, wani yana zaune a wani ofis da ikon yanke nisan da motarka za ta yi.

Ikon nan kuwa ba ƙari kaɗai yake yi ba. A watan Afrilun 2019 wata Model S ta kama da wuta tana ajiye a wani garejin ƙarƙashin ƙasa a Shanghai, a watan Mayu wata ta kama a Hong Kong. Tesla ya ce zai sake saita caji da sanyaya batir a Model S da Model X ta intanet, don rigakafi. Ba da jimawa ba wasu masu tsofaffin Model S suka lura motocinsu sun daina cika kamar da, nisan tafiya ya ragu, caji ya yi nawa. An rage iyakar ƙarfin wutar da ƙwayoyinsu za su iya kaiwa, kuma ba a zaunar da su an yi musu bayani ba. Aka kai ƙara a Kalifoniya. A 2021 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 1.5, inda masu motoci 1,743 za su sami dala 625 kowanne. Takardun kotun sun nuna an rage kimanin kashi 10 cikin 100 na wata uku, sannan kashi 7 na wasu wata bakwai, kafin sabuntawar watan Maris na 2020 ta fara mayar da abin da aka ɗauke. Ba na ganin laifin kamfani don ya tsorata da gobara. Laifin shi ne yin abin a ɓoye, a cikin kayan da mutum ya riga ya mallaka.

General Motors ya fuskanci matsala mafi muni da Chevrolet Bolt, amma ya faɗa a fili. A watan Nuwamba na 2020 ya yi kiranyen motoci kusan 69,000 saboda haɗarin gobara a batir, aka sa musu manhajar da ke tsayar da caji a kashi 90 cikin 100. A watan Agustan 2021 kiranyen ya haɗe duk Bolt da aka taɓa ƙerawa, daga baya aka fito da wata manhajar mai tsayawa a kashi 80, aka kuma shiga canja batura. Aibin yana cikin ƙwayoyin tun daga masana'anta, manhaja ba ta iya warkar da shi, iyakarta ta rage haɗari kafin a kawo sabon batir. Hukumomi sun fara farga da girman wannan iko. Akwai ƙa'ida mai lamba 156 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta fara aiki a 2021, da ke wajabta wa mai ƙera mota, a ƙasashen da suka amince da ita, ya kasance da tsarin da aka tantance na sabunta manhaja, ya adana bayanin abin da ya canja, ya kuma sanar da mai mota kafin a sabunta ta daga nesa.

Idan aka jera misalan da ke da tushe, ribar da ake samu daga gyaran aiki da sakin rizab tana tsakanin kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Ba abin rainawa ba ne, amma ƙafar direba ta fi ta ƙarfi nesa. Turjiyar iska tana ninkuwa ne da gudu sau gudu, don haka wanda ya tashi daga kilomita 100 a awa zuwa 120 ya ƙara wa kansa turjiya da kashi 44 cikin 100. Tayar da iskarta ta ragu da kayan da aka ɗaure a rufin mota za su cinye duk abin da injiniyoyi suka yi shekara biyu suna tsinta. Batirin da ya tsufa kuma ya tsufa. Kamfani yana iya sakin rizab a hankali don ya ɓoye raguwar na ɗan lokaci, amma litiyam ɗin da ya maƙale a jikin ƙwaya ba ya dawowa.

Maganar ta fara shafar mu. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 mutane ke tambayar motar lantarki da gaske, kuma tun 2021 hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa ta kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Yawancin motocin da muke hawa na hannu ne, da yawa daga gwanjon motocin da suka yi haɗari a Amurka. A motar fetur bakanike ya gyara jiki da inji, shi ke nan. Motar lantarki kuwa tana da igiya da ke haɗe da kamfaninta, kuma igiyar tana iya tsinkewa a teku. Layin wayar da ke cikinta na kasuwar da aka ƙera ta dominta ne. Sabuntawar Audi da ta Jaguar da ta Bolt duk a garejin kamfani aka yi su, abin da babu shi a yawancin garuruwanmu. Tesla ya daɗe yana toshe caji mai sauri a tashoshinsa ga motocin da inshora ta yanke cewa ba sa gyaruwa. Rasa ƙarin kilomita 20 ƙaramin abu ne. Abin tsoro shi ne motar da aka yi wa kiranye saboda gobara ta iso ba a yi mata gyaran ba, ta zo inda zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda esi da famfon sanyaya batir za su yi ta aiki ba hutu, kuma inda rizab na sama ya fi ko'ina amfani.

Mai niyyar saye ya karɓi lambar shasi ya duba ta a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ko na kamfanin, ya ga ko akwai kiranyen da ba a kammala ba, ya kuma duba a allon motar wace manhaja ke kanta da ranar da aka sabunta ta. Wanda kuma aka ce an ƙara wa motarsa nisa, kada ya tsaya ga lambar da ke allo. Ya cika batir, ya bi hanyar da ya saba bi da gudun da ya saba yi, ya sake cikawa, ya rubuta kilomitar da ya yi da yunit ɗin da mita ta cinye. Idan ɓarna aka rage, yunit ɗin zai sauka a kan tafiya iri ɗaya. Idan rizab aka saki, yunit a kowace kilomita ba zai canja ba, sai dai batirin zai karɓi fiye da da daga ƙasa zuwa cika.